Ciwon Hanta Nau'in B da Yadda Yake Jin Magani

Ciwon hanta nau'in B yana zama daɗaɗɗe ne idan bairas ɗin da ke kawo shi ya wuce wata shida a jikin mutum bai fita ba. Shaidar zamansa ita ce wani furotin na fatar bairas ɗin da ke yawo a jini, wanda takardun awo na Nijar ke rubutawa AgHBs, na Najeriya kuma HBsAg. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano wannan furotin a 1965, aka ba shi lambar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka mayar ranar ciwon hanta ta duniya. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon, miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka, kuma ya kashe wajen miliyan 1.1 a wannan shekarar kaɗai. Kashi 13 cikin ɗari na masu shi ne suka san suna da shi, kashi 3 kacal ke shan magani.

Maganin kuwa akwai shi, ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma yana aiki a jikin kusan duk wanda ya lazimce shi. Wahalar tana wajen gane aikin nasa. Mai zazzaɓin cizon sauro ya san lokacin da magani ya karɓe shi, jiki ya yi sanyi, abinci ya soma shiga. Mai daɗaɗɗen ciwon hanta galibi ba ya jin komai kafin magani, ba ya jin wani sauyi bayan ya fara. Jin maganinsa a takardar awon jini ake karanta shi, kuma yana zuwa ne hawa-hawa, wani a cikin watanni, wani a cikin shekaru, wani kuma da wuya ya zo ko kaɗan.

Masu ɗauke da shi a ƙasar Gabi

Gabi ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madarumfa ta jihar Maradi, dab da iyakar Najeriya, kusa da dajin Baban Rafi. Kamar sauran Afirka ta Yamma, yankin yana cikin wuraren da ciwon ya yi katutu, wato inda mutum takwas ko fiye cikin ɗari ke ɗauke da shi. Wasu binciken da aka yi a Nijar sun kai wajen kashi 15, babban binciken Najeriya na 2018 kuma ya sami kashi 8.1 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 64.

Yawancin waɗannan mutane tun suna yara suka kamu. Jaririn da ya ɗauka daga uwa wajen haihuwa, sau tara cikin goma ciwon kan zauna masa. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kamar ɗaya cikin uku ko huɗu. Babba kuwa jikinsa kan kore shi, ƙasa da biyar cikin ɗari ne yake zame wa daɗaɗɗe. A wannan ɓangaren na duniya ɗaukar yaro daga yaro tana da yawa, ta hanyar ƙuraje da gyambo da duk abin da ke taɓa jini, haka ma aska ɗaya da ta zaga kawuna da yawa wajen aski, tsaga, kaciya, cire belu ko ƙaho. Sanin wannan yana kashe rigima a gidaje, domin magidancin da aka samu da shi yana ɗan shekara talatin da biyar, mafi rinjayen zato shi ne ya girma da shi ne. Nijar ta shigar da rigakafin cikin allurar yara mai haɗa cututtuka biyar a 2008, ana yin ta a sati na 6, na 10 da na 14. Wanda aka haifa kafin wannan shekara galibi bai samu ba, don haka manya su ne masu ciwon a yau.

Ana gano shi ne bisa tsautsayi: wajen ba da jini ga ɗan'uwa da ke kwance, wajen awon ciki, wajen gwajin aure ko na tafiya. Wasu kuma sai ido ya yi rawaya an ce shawara ce, ko ciki ya tara ruwa ana zargin sammu, lokacin da hanta ta riga ta lalace. Hanyar mai neman magani tana farawa daga likitar Gabi zuwa asibitin gunduma a Madarumfa, daga nan zuwa manyan asibitocin Maradi, wasu kuma su tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, Kano ko Zariya.

Maɓoyar bairas ɗin

Bairas ɗin yana shiga tantanin hanta ta wata kafa da tantanin ke amfani da ita wajen ɗaukar gishirin matsarmama, wadda masana a birnin Beijin suka gano a 2012. Da ya shiga sai ya kai kayan gadonsa cibiyar tantanin, ya naɗe su su zama wani ɗan zobe mai ƙwari da ake kira cccDNA. Daga wannan zoben ake ta buga sababbin bairas. Bugun yana buƙatar wani sinadari nasa na kansa mai kwafar kayan gado, kuma wannan sinadarin shi ne magungunan sha ke toshewa. Ƙwayar maganin tana kama da tubalin da sinadarin ke gini da shi, sai ya ɗauka ya saka, ginin ya tsaya cak.

Zoben da ke cibiyar tantani dai magani ba ya kai gare shi. Lamarin kamar na aya-aya ne a fadama: ana iya share ganyenta kullum gona ta yi fes, amma ƙwallon yana ƙasa, ranar da aka ajiye hauya zai tofo. Ban da zoben, guntayen kayan gadon bairas ɗin sukan manne a cikin na tantanin kansa, su ci gaba da fitar da HBsAg ko da bugun sababbin bairas ya tsaya. Daga waɗannan abubuwa biyu duk sauran bayanin jin magani ya taso.

Bairas ɗin shi kansa ba ya cin hanta. Garkuwar jiki ce ke kashe tantanin da ya shiga, kumburi ya biyo baya, wurin ya warke da tabo. Shekaru suna tafiya tabo yana hawa kan tabo har hanta ta ƙandare. Tsakanin 15 zuwa 40 cikin ɗari na masu daɗaɗɗen ciwon kan kai ga ƙandarewar hanta, gazawarta ko sankara idan ba a yi magani ba.

Magungunan

Na farko shi ne allurar intafiron, wadda aka amince da ita a Amurka a 1992, aka samar da mai daɗewa a jiki a 2005 da ake yi sau ɗaya a sati har sati 48. Tana zaburar da garkuwar jiki ne, tana da ranar gamawa, amma tana kawo zazzaɓi, kasala da ƙuncin rai, tana son firiji, tana da tsada, ba a yi wa mai ciki ko wanda hantarsa ta gaza. Bairas ɗin yana da jinsuna da aka laƙaba wa haruffa, kuma jinsin E da ya mamaye Afirka ta Yamma bai cika jin ta ba. A karkarar Maradi ba ta cikin lissafi.

Na sha sun fara da lamibudin a 1998, sai adefobir a 2002, entekabir a 2005, telbibudin a 2006, tenofobir a 2008, da sabon samfurin tenofobir mai sauƙi ga ƙoda, TAF, a 2016. Abin da ya tantance su shi ne bijirewa. Bairas ɗin yana yawan kuskure wajen kwafar kansa, idan magani bai danne shi sarai ba sai wanda kuskurensa ya kare shi ya yaɗu. Da lamibudin, wajen mutum bakwai cikin goma bairas ɗinsu ya bijire bayan shekara biyar. Da adefobir, kusan uku cikin goma. Da entekabir kuwa kamar ɗaya cikin ɗari ne ga wanda bai taɓa shan wani ba, amma ga wanda bairas ɗinsa ya riga ya bijire wa lamibudin adadin ya kai rabi. Tenofobir an bi masu shansa har shekara goma a manyan gwaje-gwajensa ba a sami bijirewa ba. Shi ya sa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan biyu: tenofobir miligiram 300 a rana, ko entekabir rabin miligiram. Likita yana tambayar abin da mutum ya taɓa sha a baya don wannan dalili, ƙwayar da aka saya a kemis shekara biyar da suka wuce tana iya sauya zaɓin yau.

Hawa huɗu na jin magani

Hawan farko shi ne raguwar bairas a jini. Ana auna shi da awon DNA, ana bayar da sakamako da ma'aunin IU a kowane mililita. Adadin kan fara daga dubbai zuwa ɗaruruwan miliyoyi, don haka ana lissafin saukarsa ne da ninki goma-goma. Cikin wata uku na farko ana son ya sauka aƙalla ninki goma, abin da ake nema a ƙarshe kuma shi ne na'ura ta kasa ganinsa. A gwajin da aka buga a 2008, bayan sati 48 na tenofobir, kashi 93 cikin ɗari na marasa alamar HBeAg sun kai wannan matsayi, masu ita kuma kashi 76. HBeAg wani furotin ne da ke nuna bairas yana haihuwa da ƙarfi, masu shi suna farawa daga sama sosai, shi ya sa saukarsu ke ɗaukar lokaci. Wanda ya fara da miliyan ɗari, aka auna bayan shekara aka ga ɗari biyu, maganinsa yana aiki, ci gaba kawai yake buƙata. Yawancin manya a Afirka ta Yamma sun rabu da HBeAg tun suna ƙanana, suna cikin rukunin da ke saurin sauka.

Hawa na biyu shi ne lafawar kumburi. Idan tantanin hanta ya fashe yakan zubar da wani sinadari mai suna ALT cikin jini. Iyakar da Hukumar ta ɗauka ita ce 30 ga namiji, 19 ga mace, ƙasa da abin da ɗakunan awo da yawa ke bugawa a gefen takarda. Bayan shekara guda ana shan tenofobir, kamar bakwai cikin goma ALT ɗinsu yakan koma daidai. Wannan awo shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi saurin ruɗarwa. Kitsen hanta, ciwon suga, giya, maganin tarin fuka da wasu jiƙe-jiƙe duk suna ɗaga shi, hantar da ta ƙandare kuma tana iya nuna ALT lafiya lau. Idan bairas ya ɓace a jini amma ALT bai sauka ba, sai a nemi dalili a wani wuri.

Hawa na uku, wanda shi ne ainihin abin da ake nema, shi ne janyewar tabo. An daɗe ana koyar da cewa hantar da ta ƙandare ba ta komawa. Sakamakon da aka buga a 2013 ya rushe wannan. An tsakuro ɗan yankin hanta da allura daga mutum 348 kafin magani da kuma bayan shekara biyar suna shan tenofobir. Cikin 96 da suka fara da ƙandararriyar hanta, 71 ba su da ita a awo na biyu. Hanta tana gyara kanta idan aka ɗauke mata abin da ke ƙona ta, sai dai gyaran na shekaru ne. Ko waɗanda suka zo da ruwa a ciki wasunsu sukan farfaɗo, amma watanni shida na farko suna da haɗari a gare su, wasu sukan rasu kafin magani ya kama. A yau ba a cika tsakuro hanta ba. Ana auna taurinta da na'urar FibroScan ta Faransa, ko a lissafa ma'aunin APRI daga awo biyu masu sauƙi: sinadarin AST da yawan ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini. A ƙasar Madarumfa wannan lissafi yana son lura, domin zazzaɓin cizon sauro yana rage waɗannan ƙwayoyin, kuma APRI ɗin da aka yi wa mai zazzaɓi a tsakiyar damina zai iya nuna tabon da babu shi. Gara a bari ya warke a sake.

Hawa na huɗu shi ne ɓacewar HBsAg ɗin kansa, abin da likitoci ke ɗauka a matsayin warkewa a aikace. Nan magungunan sha suke da rauni. A gwajin 2008, uku cikin ɗari na masu HBeAg ne suka rabu da shi a shekarar farko, a ɗaya rukunin kuma babu ko ɗaya. A dunƙule abin bai wuce ɗaya cikin ɗari a shekara ba. Wannan shi ne tushen ruɗanin da ya fi yawa. Awon gaggawa na ɗigon jini, wanda shi ne ke kusa da mutanen karkara, HBsAg yake nema. Mutum ya shekara biyu yana shan ƙwaya, ya je ya sake awo, aka ce masa har yanzu akwai, sai ya yanke cewa kuɗinsa ya tafi a banza, alhali mai yiwuwa bairas ya ɓace a jininsa tun wata na shida. Awon ɗigon jini amfaninsa gano mai ciwo ne, bin sawun magani kuma aikin DNA da ALT ne. Irin wannan giɓin ne masu tallan maganin gargajiya a kasuwa da rediyo ke shiga, da alkawarin wanke hanta cikin kwanaki.

Idan bairas ya ƙi sauka ko ya dawo

Idan adadin da ya sauka ya sake hawa ninki goma, tambayar farko ita ce ko ana shan ƙwayar kullum. Da tenofobir da entekabir, kusan kullum amsar tana nan. Dalilan tsallake ba ɓoyayyu ba ne a Gabi. Kuɗi yana hannu bayan kaka, ya ƙare kafin shuka. Matasa suna tafiya cin rani Najeriya, Agadas, Aljeriya ko Libiya da maganin wata ɗaya a aljihu. Hare-haren ƴan bindiga a bakin iyaka suna tayar da ƙauyuka suna hana tafiya. Iyakar ita kanta an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, wanda ya saba sayen maganinsa a Katsina ya ga abin da ya gani. Akwai kuma kunya, domin tenofobir yana cikin maganin sida, wasu suna ɓoye kwalbar ko su yar da ita kada a gani.

Dangantakar da sida tana da wani ɓangare mai ban takaici. Mai sida yana samun tenofobir kyauta a cikin haɗin ƙwayarsa, idan yana da ciwon hanta ma an yi masa maganin biyu a lokaci ɗaya. Mai ciwon hanta kaɗai a ƙasashe da yawa na yankin daga aljihunsa yake biya. A 2024 farashin da aka daidaita a kasuwar duniya dala 2.4 ne na wata guda, wajen sefa 1,500, amma rahoton Hukumar na 2024 ya nuna ƙasashe 7 ne kawai cikin 26 ke samun sa a haka ko ƙasa. Saboda ƙarancin tenofobir zalla, ƙa'idojin Hukumar na 2024 sun yarda a yi amfani da haɗinsa da lamibudin ko emtirisitabin inda shi ne ke samuwa. Awon sida kafin farawa wajibi ne, don tenofobir shi kaɗai a jikin mai sidan da bai sani ba yana koya wa wancan bairas ɗin bijirewa.

Sauran dalilan ba su kai wannan yawa ba. Jabun magani yana yawo a kasuwannin iyaka. Entekabir yana son ciki wayam, awa biyu bayan abinci da awa biyu kafin wani. Azumi ba ya hana komai tunda sau ɗaya ne a rana, ana mayar da shi dare, sai dai wanda hantarsa ta ƙandare ya fara jin ta bakin likita kafin ya ɗauki azumin. Akwai kuma bairas ɗin delta, wanda ba ya rayuwa sai a jikin mai nau'in B, yana saurin ƙandarar da hanta, kuma waɗannan ƙwayoyi ba sa taɓa shi. Wajen kashi 5 na masu nau'in B a duniya suna da shi, yankin Sahel yana cikin wuraren da ya fi yawa. Wanda DNA ɗinsa ya kwanta amma hantarsa tana ci gaba da lalacewa, delta ake fara zargi.

Tenofobir yana iya taɓa ƙoda da ƙashi a jikin ƙalilan, don haka ake auna ƙoda kafin farawa da kuma kowace shekara. Manomin da ke yini a rana da ƙishirwa, yana haɗiyar diklofenak na masu talla saboda ciwon baya, yana ƙara wa ƙodarsa nauyi. Ga tsoho ko mai raunin ƙoda, entekabir ko TAF sun fi dacewa. Ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon da ake kira sha-ka-fashe suna danne garkuwar jiki, suna iya tayar da bairas ɗin da ke kwance a jikin wanda ba ya kan magani.

Dainawa

Da zarar an ajiye ƙwaya, zoben da ke cibiyar tantani yana komawa aiki. A jikin mafi yawa bairas yakan dawo cikin watanni, ya fi saurin dawowa bayan tenofobir fiye da bayan entekabir. Garkuwar jiki sai ta far wa hanta gaba ɗaya, ALT ya haura ɗaruruwa ko dubbai. Hanta mai sauran ƙarfi takan jure, mai tabo da yawa tana iya gazawa cikin makonni, kuma an rasa rayuka ta haka. Wanda hantarsa ta ƙandare maganinsa na har abada ne. Ga sauran, ana iya tunanin tsayawa idan HBsAg ya ɓace, ko idan mai HBeAg ya rabu da shi ya ƙara aƙalla shekara guda a kai, da sharaɗin za a riƙa auna jininsa akai-akai bayan tsayawar. Sharaɗin nan na ƙarshe yana da wuyar cikawa ga mutumin da awon DNA ke nesa da shi da tafiyar yini da kuɗin buhun gero. Shan wata uku, hutun wata biyu, komawa idan kuɗi ya samu, shi ne tsarin da ya fi kowanne haɗari, kuma likitan da zai ɗora wa mutum magani ya kamata su fara zama su lissafa yadda za a samu na shekara kafin a buɗe kwalbar farko.

Wanda za a ɗora wa magani

Ba duk mai HBsAg ke buƙatar ƙwaya ba. Shirin PROLIFICA da aka fara a Gambiya da Senegal a 2011 ya bi ƙauyuka da unguwanni a Gambiya yana awo, ya sami kusan 9 cikin ɗari suna da ciwon, amma ƙasa da 5 cikin ɗari na waɗannan ne suka cika sharuɗɗan magani na lokacin. Waɗanda aka ɗora wa tenofobir kuwa, kamar tara cikin goma bairas ɗinsu ya kwanta cikin shekara, daidai da abin da aka gani a Turai da Asiya. Wannan ya kawar da shakkar ko jinsin E yana jin maganin. Daga Habasha kuma, wani shiri da aka fara a asibitin Saint Paul na Adis Ababa a 2015 ya nuna ƙa'idojin Hukumar na wancan lokacin suna tsallake rabin masu buƙatar magani, yawancin waɗanda suke kamawa kuma sun riga sun makara.

A watan Maris na 2024 aka sassauta ƙa'idojin. Yanzu daga shekara 12 zuwa sama ana ba da magani idan ɗaya cikin huɗu ya samu. Ko dai akwai tabo mai yawa, wato APRI sama da 0.5 ko taurin hanta sama da 7 a FibroScan. Ko DNA ya wuce 2,000 tare da ALT sama da iyaka, maimakon 20,000 na da. Ko akwai wani abin ƙari, kamar sida, delta, nau'in C, ciwon suga, maganin da ke danne garkuwa, ko wani a dangi da ya yi sankarar hanta ko ƙandarewarta. Ko kuma, inda babu awon DNA, ALT ya zauna sama da iyaka a awo biyu cikin wata shida zuwa shekara. Sharaɗin ƙarshen nan don wurare irin Gabi aka yi shi. Awon DNA ɗin ma yana matsowa: na'urar GeneXpert da aka raba don tarin fuka tana iya yin sa idan an sami kwanson da ya dace, ana kuma iya busar da ɗigon jini a takarda a aika birni. Wanda bai cika sharaɗi ba, awon shekara-shekara ne nasa, domin ciwon yana sauya hali.

Sankara da gyaɗa

Magani yana rage haɗarin sankarar hanta sosai amma ba ya share shi, saboda guntayen da suka manne a kayan gadon tantani da kuma tabon da ya riga ya samu. A gwajin lamibudin na 2004 a kan masu tabo mai yawa, sankara ta fito wa kashi 3.9 na masu sha da kashi 7.4 na marasa sha. A Afirka tana zuwa da wuri. Wani bincike na ƙasashe da dama da aka buga a 2017 ya sami matsakaicin shekarun masu ita 46 a ƙasashen da ba Masar ba, rabinsu kuma ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan ganowa. Shi ya sa mai ƙandararriyar hanta ko mai tarihin sankara a dangi ake so a yi masa hoton ciki duk wata shida, ko da jininsa ya yi tsaf.

Maradi ƙasar gyaɗa ce tun zamanin Turawa, kuma gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin. Wani bincike a Shanghai ya nuna mai HBsAg kaɗai haɗarinsa ya ninka kusan bakwai, mai gubar kaɗai kusan uku, mai duka biyun kusan sittin. Tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa kafin a yi ƙuli-ƙuli ko tunkuza, da busar da amfani sosai kafin ya shiga rumbu, suna cikin kula da mai ciwon hanta.

Mace mai ciki

A nan ana auna jin magani ne a jikin jariri. Uwar da DNA ɗinta ya kai 200,000 ko take da HBeAg tana iya ba ɗanta ko da an yi masa rigakafi. A wani gwaji na mata 200 a ƙasar Sin da aka buga a 2016, cikin waɗanda suka sha tenofobir a ƙarshen ciki suka kuma kammala gwajin babu jaririn da ya kamu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 7 suka kamu. Ƙa'idojin 2024 sun ce a fara daga wata uku na tsakiyar ciki, inda kuma babu awon DNA ko HBeAg ana iya ba duk mai cikin da ke da HBsAg. Shayarwa ba ta hana. Idan uwa za ta daina bayan haihuwa sai an bi jininta na wasu watanni. Ƙwayar ba ta maye gurbin allurar ranar haihuwa, wadda ake so a yi cikin awa 24, kuma a 2022 kashi 18 ne kacal na jariran yankin Afirka suka same ta, haihuwar gida tana cikin manyan dalilai.

Abin da ake gwadawa yanzu

Binciken yau ya karkata ga hawa na huɗu. Bulebirtaid, allurar da ke toshe kafar shiga tantani, ta sami izini a Tarayyar Turai a 2020 don delta. Bepirobirsen allura ce da ke lalata saƙon da bairas ke aikawa daga cibiyar tantani, kuma a gwajin da aka buga a 2022 wajen mutum ɗaya cikin goma ya rabu da HBsAg da DNA har wata shida bayan gama ta, galibi waɗanda HBsAg ɗinsu ba shi da yawa tun farko. Ana haɗa irin waɗannan da magungunan zaburar da garkuwa don a sami magani mai ranar gamawa. Yawancin waɗanda aka gwada su a kansu ƴan Asiya da Turai ne masu jinsin A, B, C da D, masu jinsin E kaɗan ne a ciki, balle haɗin D da E da masana suka bayyana a Nijar a 2010 suka kira shi D8.